Yadda ake fatsa a bakin teku lokacin da ƙananan kifi ke ƙaura da kaka

Tun da bidiyoyin nan suka fara yawo a WhatsApp, waɗanda zaka ga ruwan teku ya yi baƙi ƙirin da kifi, manya na tasowa daga ƙasa suna watsa ƙanana sama, 'yan uwanmu masu zuwa fatsa Tiga da Challawa ranar Asabar suke ta tambaya wai gaske ne ko haɗin kwamfuta ne. Gaske ne wallahi. A gaɓar gabas ta jihar Fulorida ne a Amurka, bakin tekun Atlantika, kuma duk shekara sai an yi. Na zauna a yankin lokacin karatu, kuma da yake yanzu akwai yaranmu na Kano da dama a can, wasu karatu wasu aiki, ga masu zuwa ziyara, na ga gara in rubuta yadda ake yi dalla-dalla, don abin takaici ne mutum yana zaune kusa da irin wannan ni'ima bai taɓa jefa ƙugiya ba, ko kuma ya je ya yi irin zaman da muke yi a bakin dam ya dawo gida hannu rabbana.

Akwai wani kifi da suke ce wa malet, mazaunin ruwa mara zurfi ne, bakin gaɓa da bakin koguna da tafkunan da ruwan gishiri ke shiga. Ƙananansa suna yin watannin zafi suna kiwo a irin waɗannan wurare tun daga jihohin Karolina da Jojiya har Fulorida, to da zarar ruwa ya fara sanyi, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da mu nan ake shirin yankan gero, sai su fito ayari-ayari su nufi kudu suna bin gaɓa. Ƙarfin abin Satumba da Oktoba ne, wani lokaci ya taɓa Nuwamba, kuma abin da ya fi taso su shi ne sanyin farko da iskar arewa maso gabas. Ƙananan da aka fi so don koto tsawon yatsa ne ko su ɗan fi, inci 3 zuwa 5. Duk wani mai haƙori ko babban baki a tekun nan yana biye da su: sinuk, tafon wanda babbansa kan haura kilo 45, jak, jan kifin nan mai ɗigon baƙi a gindin wutsiya, bulufish, makarel, da shak kala-kala.

To abin da nake so ka fara riƙewa kenan ɗan uwa. A dam mun saba ka zaɓi wuri mai inuwa, ka sa tana a ƙugiya, ka kafa sanda ka zauna, haƙurinka ne jarinka. A nan zama ba ya yi. Babban kifi ba shi da wurin zama a wannan lokaci, inda ayarin ƙananan yake nan yake, in sun matsa ya matsa, saboda haka kai ma ƙananan zaka nema, da ido da ƙafa. Kar ka buɗe jaka ma tukuna in ka isa. Ka tsaya a kan tudun rairayi ka kalli ruwa aƙalla minti 10. Ayarin malet daga nesa inuwa ce baƙa mai tafiya a hankali, saman ruwan wurin yana ɗan rawa ba kamar na gefensa ba, can kuma ka ga ɗaya ya yi tsalle, wani ya biyo. In igiyar ruwa ta taso gab da ta fashe, rana na bayanta, zaka gan su a cikinta sahu-sahu kansu duk ya kalli kudu, kamar an jera su da hannu, kuma a irin wannan kallon ne wani lokaci zaka hangi doguwar inuwa ɗaya tana tafe a ƙarƙashinsu ba ta gaggawa. Wannan inuwar kake nema. Ka kuma duba tsuntsaye, in ka ga kwasakwasa na faɗawa ruwa a wuri ɗaya, ko ƙananan fararen tsuntsaye sun taru suna ihu, ka nufi can. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana taimakawa sosai, kar ka raina shi. In ka duba ba komai, ka koma mota ka gwada wata hanyar shiga gaɓar, in kuma ayari ya wuce ka, kar ka bi shi a baya da gudu a kan rairayi, ka zagaya ta titi ka yi kudu ka tare shi a gaba.

Sai maganar ruwa, wadda mu 'yan tudu ita ce ta fi mana baƙunta, tunda ruwan Tiga sai damina yake ƙaruwa sai rani ya ja baya. Teku a wannan gaɓa sau biyu yake kawowa sau biyu yake janyewa a kowace rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan sa, kuma nan lissafinmu na Hijira yana da amfani ƙwarai, domin ruwan ya fi ƙarfin kawowa da janyewa a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata. Hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi a Amurka, tana fitar da jadawalin cika da janyewa na kowane wuri kyauta a intanet, ka duba tun dare. Abin da kake so shi ne ruwa mai tafiya. In ya cika ya tsaya cak, ko ya janye ya tsaya, yawanci cin kifi yana lafawa, ka sha ruwa ka gyara zare a lokacin. A mashigu, wato inda tafki ke haɗuwa da teku kamar mashigar Sebastian ko ta Fort Pierce ko ta Jupiter, ni na fi son lokacin janyewa, saboda ruwan na kwaso ƙananan kifi daga ciki yana turo su waje ta ƙuntatacciyar hanya, manya kuma sun jeru a bakin duwatsu suna jira. A buɗaɗɗiyar gaɓa kuwa lokacin da ruwa ke kawowa zuwa cikarsa ya fi, don akwai wani kwari a cikin ruwan gab da rairayi da ke yin zurfi har babban kifi ya samu shiga. In aka yi dace wannan ya faɗo da asuba, to ka yi sallah da wuri ka kasance a bakin ruwa kafin gari ya gama wayewa, ba lokacin da ya kai wannan, sai ko gab da magariba.

Kaya ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Sanda mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8 mai ɗan ƙarfi, da ril, wato abin naɗe zare da ake maƙalawa a sanda, mai lamba 4000 zuwa 6000, da zaren saƙa mai ɗaukar fam 20 zuwa 30, sun ishe ka yawancin abin da zaka gamu da shi. Amma dole ka ɗaura wani zaren a gaba, mai kauri wanda kifi ba ya gani sosai a ruwa, kamu biyu zuwa uku, mai ɗaukar fam 40 ko 50, saboda bakin sinuk yana da kaushi, murfin kuncinsa kuma kaifi ne da shi, zaren saƙa shi kaɗai yanzun nan zai yanke. Bayan kowane kamu ka shafa zaren gaban da yatsa, in ka ji ya yi ƙaiƙayi ka yanke ka sake ɗauri. In bulufish ne suka cika wurin, su haƙoransu irin na tsage ne, sai ka ƙara ɗan guntun waya, kuma kar ka kuskura ka kai yatsa bakinsu ko da sun yi kamar sun mutu, filaya zaka sa ka cire ƙugiya.

Koto kuwa yana gabanka kyauta, birgi kawai kake buƙata. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli masuntanmu suna watsa birgi ya san fasalin abin, kuma in kana Kano yanzu kana shirin tafiya, shawarata ka je bakin dam ka roƙi wani masunci ya koya maka, a yini ɗaya hannunka zai fara faɗawa, ya fi maka kallon bidiyo sau ɗari. A can ka sayi ƙarami, mai ƙafa 5 ko 6, mai ƙananan ido. Ka shiga ruwa iya ƙauri, ka tsaya shiru kar inuwarka ta faɗa kansu, ka jefa a gaban ayarin ba tsakiyarsa ba, don malet akwai gudu, yana jin motsi ya zille. Kar ka yi haɗama. Jifa ɗaya mai kyau zai iya kawo maka fiye da abin da zaka iya rayawa, ka zaɓi kamar 12 zuwa 20 ka zuba a bokiti, sauran ka mayar nan take. Bokitin ya zama da ruwan teku, da ɗan injin nan mai batir da ke hura iska, da murfi don tsalle suke su fice, kuma ka riƙa canza ruwan in ya fara ɗumi ko ya yi kumfa. In ka ga hancinsu ya fara ja suna yawo a sama a kasalance, sun gaji, ka samo sabbi.

Yadda ake soka shi a ƙugiya yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato. Ƙugiyar da ake amfani da ita mai lanƙwasa ce wadda bakinta ya juyo ciki kamar zobe, lamba 3/0 zuwa 5/0 gwargwadon girman koton. Ka jiƙa hannunka, ka riƙe shi a hankali kar ka matse cikinsa, zaka ji yana bugawa a tafinka da santsi. In wurin ruwa na gudu ne, ka shigar da ƙugiyar ta cikin bakinsa ta fito ta leɓen sama, inda yake da ɗan tauri, ta haka zai fuskanci ruwa yana numfashi ya daɗe da rai. In a gaɓa ne kana so ya yi nisa da kai, ka soka ta baya kusa da wutsiya, sama da ƙashin baya kar ka taɓa shi, sai ya riƙa ja yana neman tsira yana yin gaba. Ka duba bakin ƙugiyar ko ɓawon jikinsa ya maƙale a tsinin, ka cire, don ɓawo ɗaya tak yana hana ƙugiya shiga. Dalma kuma sai in ruwa ya fi ƙarfin koton, ko kana so ya sauka ƙasa, nan ma 'yar kaɗan wadda zare ke zamewa a cikinta.

Ina zaka jefa? Nan ne mutane da yawa ke asara, suna ganin ayari sai su cilla tsakiya. Ka yi tunani, kifi dubbai ne a wurin, me zai sa a zaɓi naka? Manyan suna kewaye ne a gefe da ƙasa suna jiran wanda ya ware, ko ya ji rauni, ko ya kasa bin 'yan uwansa. Saboda haka ka jefa a gefen ayarin ta wajen teku, ko a bayansa inda raunana ke jan jiki, ko ka sa dalma naka ya nutse ƙasa da su. Kuma ba sai ka cilla da nisa ba, abin da ya fi ba baƙo mamaki kenan, sinuk yakan zo har kwarin farko, taku biyar ko goma daga inda kumfa ke taɓa ƙafarka, don haka sau da yawa jifa ta bin tsawon gaɓa, hagu ko dama, ya fi jifa can cikin teku. Kar ka shiga ruwa har ƙugu kana tsaye a kan hanyar kifin da kake nema. In babu koto mai rai, na roba mai wutsiya mai kaɗawa, ko cokalin ƙarfe mai ƙyalli, ko wanda ke tafiya a saman ruwa yana kaɗa kai, duk suna yi, musamman da duku-duku, ka dai zaɓi mai girman malet ɗin da kake gani. Da dare kuma ƙarƙashin gadoji masu fitila, ka lura da layin da haske ya haɗu da duhu a kan ruwa, a cikin duhun manyan ke laɓewa, ka jefa ta ɓangaren da ruwa ke tahowa ka bar ruwa ya kawo koton ya tsallaka layin da kansa.

In ya ci, dan Allah kar ka fizga. Na san hannunmu ya saba, a dam da ka ji taɓi sai ka ɗaga sanda da ƙarfi, amma ƙugiya mai zobe in ka fizga zare ta kawai zaka yi daga bakinsa. Da farko zaka ji koton naka ya rikice yana karkarwa a zare, alamar an tunkaro shi, sai ka ji dum, zare ya fara tafiya. Ka ƙirga biyu ko uku a ranka, ka rufe ril ɗin da ka bari a buɗe bayan jifa, ka naɗe a hankali har zaren ya miƙe sandar ta lanƙwasa, ƙugiyar da kanta za ta juya ta kama gefen baki. Birkin ril ka saita shi tun kafin jifa yadda kifi zai iya jan zare da ƙyar ba tare da ya tsinke ba. Kowanne da irin faɗansa. Sinuk duwatsu ko ginshiƙin gada yake nufa ya goga zare ya yanke, sakan na farko ne naka, ka kwantar da sanda gefe ka juyo da kansa. Jak ba dabara sai ƙarfi, zai yi ta kewaya da kai har kafaɗarka ta yi tsami. Tafon kuma sama yake tashi gaba ɗayansa yana girgiza kai, da ka ga zai tashi ka miƙa masa sandar ka sassauta, in zare na ɗaure tam lokacin da ya faɗo zai tsinka ko ya tofar da ƙugiyar. In ka kawo kifi bakin gaɓa, ka jira igiya ta ɗauko shi ta kawo maka, kar ka ja shi lokacin da ruwa ke komawa.

Yanzu doka, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da gaske, don tara ce mai nauyi, ga shi kai baƙo ne ba ka son sunanka ya shiga wata takarda. Hukumar kifi da namun daji ta jihar, FWC, ita ke da alhakin wannan, kuma jami'anta suna zagayawa su buɗe kula su auna kifi. Wanda ba mazaunin jihar ba sai ya sayi lasisi ko da daga gaɓa zai jefa. Sinuk yana da nasa izinin na daban, a ɓangaren Atlantika zangon kamunsa na kaka daga 1 ga Satumba ne zuwa 14 ga Disamba, guda ɗaya a rana, kuma sai wanda tsawonsa ke tsakanin inci 28 da 32, wanda ya gaza ko ya haura komawa zai yi, sannan da ƙugiya kawai ake kama shi, in ya faɗo birginka ka sake shi. Jan kifin nan a yankin tafkin Indian River tun 2022 kamawa da saki ne kawai. Tafon ma saki ne, kuma in ya haura inci 40 ba a ma fito da shi daga ruwa. Neman shak daga gaɓa sai da izini na musamman. Waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, ka duba na shekarar kafin ka fita, ka kuma sa tef na awo a aljihu. Na san a wajenmu mayar da ƙaton kifi ruwa abu ne mai wuyar haɗiya, mutum zai ce an ba shi arziki ya mayar, amma manyan nan su ne masu ƙwai, su ne dalilin da ya sa har yau ake samun abin da ake gani a bidiyon, kuma duk wanda ya ji dattawan masunta suna ba da labarin girman kifin da ake kamawa a ruwayenmu da, ya ga abin da ake kawowa kasuwa yanzu, zai fahimci amfanin hakan. In zaka saki, ka jiƙa hannu, ka tallafe cikinsa kar ka rataye shi ta baki, ka riƙe shi a ruwa kansa na fuskantar gudun ruwan har ka ji ya buga wutsiya da ƙarfi. Na ci ba zaka rasa ba, makarel da bulufish suna da daɗi in an zubar da jininsu an sa a ƙanƙara nan take, malet ɗin kansa manyansa banda suke yi mai kyau.

Ka kula da ranka kuma. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma wanda ya iya a kududdufi ko dam kar ya ɗauka ya iya a teku, akwai ruwa mai ja da ke komawa cikin teku da ƙarfi, ga shak suna shigowa har ruwa iya gwiwa in suna bin ayari, saboda haka in ka ga malet sun kewaye ka ka fito. In kana tafiya a ruwa ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin rairayi. Duwatsun mashigu santsi ne da su, kar ka hau da silifas, kar kuma ka juya wa teku baya. Lokacin guguwar teku ne daga Yuni har ƙarshen Nuwamba, ka duba hasashen yanayi, in ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka shige mota. Ka tafi da wani, ko aƙalla ka gaya wa wani inda ka nufa.

Wanda Amurka ta yi masa nisa, yawancin abin nan yana aiki a Legas, domin tafon da jak da malet duk akwai su a gaɓar Afirka ta Yamma, ga barakuda, kuma maganar bin ƙananan kifi da lura da tafiyar ruwa ɗaya ce. Lokacin ne ya bambanta, can sai damina ta wuce ruwan gishiri ya samu shiga tafkin sosai, kifin teku ya biyo shi, don haka ka tambayi masuntan wurin yaushe ƙaramin kifin da suke ce wa bonga ke shigowa.

Ko ina ka je dai, da ka dawo gida kar ka jingine kayan ka ce sai gobe. Gishiri cin ƙarfe yake, ril ɗin da zai yi shekaru a Tiga ba abin da ya same shi, a bakin teku cikin 'yan makonni zai cije. Ka ɗaure birkin, ka watsa masa ruwan famfo a hankali ba da ƙarfi ba don kar ka tura gishirin ciki, ka goge, sannan ka sassauta birkin ka ajiye a inuwa. Sandar ma ka wanke zobbanta ɗaya bayan ɗaya, ƙugiyoyin da ka yi amfani da su kar ka mayar cikin sabbi sai sun bushe, birgin kuma ka ɗauraye shi ka shanya, amma ba a rana ba.